Bencin Hagu a Motar Gert

"Kada ki sauke teburin," in ji Barend daga cikin motar. "Bar shi yadda yake."

Marita na tsaye a bakin gareji da makulli a hannu, ba abin da take gani na maƙwabcinta sai tafin takalmansa. Ya miƙe ƙafa a bencin hagu na kombi, wato motar kwanan marigayi mijinta Gert, ya jingina bayansa da jikin kabad, ya rufe ido kamar wanda ya biya kuɗin ɗaki.

"Kowa sauke teburin yake yi, Barend. A shimfiɗa katifa a kai, benci biyu su haɗe su zama gado guda. Shekara ashirin da shida haka muka kwana ni da Gert."

"Na sani. Ni dai bencin nake dubawa."

Wannan ce mota ta uku da ya kwanta a ciki a mako guda. A layinsu na garin Ceres gida uku ne ke da motar kwana, su ne kuma duk Disamba, lokacin zafi, suke jerawa zuwa Elandsbaai, kowa ya kafa a gurbinsa na bara a bakin teku. Barend ya sayar da tasa shekara biyar da suka wuce, ya ce ya gaji da wanke yashi. Yanzu ga shi yana bi gida gida da tef ɗin awo a aljihu.

"Ta su Abrahams fa?" Marita ta tambaya, ba don ba ta riga ta ji ba.

"Kujerar baya ce ake kwantarwa. Faɗi kam akwai, amma ƙarfen tsakiya daidai ƙugu yake zama, kuma babu abin jingina. Ta su Pretorius gadon a sama yake, sai an ɗaga rufi an hau tsani. Ni da tsani mun yi sallama." Ya buga bencin da tafin hannu. "Wannan ita ce. Gert ya san abin da ya yi. Ki ara mini ita mako ɗaya, maƙwabciya."

"Yaushe?"

"Cikin watan nan."

Watan Yuni, tsakiyar hunturu a ƙasar nan! Ƙanƙara ta rufe kan duwatsu, ruwa na zuba kwana uku ba ƙaƙƙautawa, ko kare ba ya son fita. Ba mai hankalin da ke zuwa bakin teku a wannan lokaci, sai wanda ba ya son a gan shi. Marita ta ce za ta duba lafiyar injin tukuna, ta tsaya har ya sauko. Sai da ya dafa ƙofa ya huta kafin ya taka ƙasa, ita kuwa ta lura da sabuwar rigar da ke jikinsa.

Daga tagar kicin ɗinta ana ganin farfajiyar Barend da matarsa Lena tsaf, kuma Marita ba ta taɓa ɗaukar wannan a matsayin leƙen asiri ba, tagar ce aka gina a wurin. Ta daɗe tana tara abubuwa. Duk Talata Barend kan goge riga ya kama hanyar Worcester shi kaɗai, ya dawo da yamma ko ledar cefane babu. Tumbinsa ya zube. Mutumin da ke cin gasasshen naman rago har da kitsen, yanzu ya bar gishiri, ya bar giya, har wando ya sake. Ta san irin wannan ramar, don ta gan ta a jikin mijin ƙanwarta wata uku kafin ya tattara ya bi wata mai gyaran gashi. Ruwa ba ya tsami banza.

Abu ɗaya ne ya ɗan ɗaure mata kai. Mai shirin tafiya da mace ai faɗin gado yake nema. Ta kwana biyu tana juya maganar, rana ta uku tana tsoma busasshen burodi a kofi sai ta gano bakin zaren. Teburin nan minti ɗaya ake sauke shi. Bencin don idonta ne kawai, tsohon banza!

Abin da ya fi ƙona mata rai Lena ce. Shekara talatin suna miƙa wa juna sukari ta kan shinge, Lena ce ta wanke mata kwanuka ranar da aka binne Gert. A ce a ɗauki motar Gert a ci amanar wannan baiwar Allah? Marita ta shiga gareji da sifana, ta kwance batirin da kanta, ta ja shi da ƙyar zuwa bayan tukwanen fure, ta lulluɓe da buhu.

Ranar Asabar Barend ya leƙo ta kan shinge.

"Ya labarin injin?"

"Ya ƙi tashi."

"In turo Fanie bakanike ya duba?"

"Motar mijina ce, ni zan kira wanda zai taɓa ta. Wai saurin me kake yi ne? Teku ba gudu za ta yi ba."

Ya yi dariya, dariyar ta koma tari. "Ita kam ba za ta gudu ba."

"Lena ta san da tafiyar?"

"Bar Lena a gefe tukuna."

To, biri ya yi kama da mutum. Ya sake tambaya bayan mako guda, ta ce ana neman kayan gyara. A mako na uku bai fito ba sam, labulen ɗakinsu ma ba a ɗaga ba sai wajen sha ɗaya. Marita ta ɗauka fushi yake yi, har ta ji daɗi.

Lena ce ta zo da kanta, ranar Litinin da hantsi, ba ta ko ƙwanƙwasa ba. Ta zauna a kujerar kicin da rigar ruwanta a jiki.

"Marita, da gaske motar ta lalace?"

"Lena, akwai abin da na daɗe ina son faɗa miki. Mijinki duk Talata…"

"Asibiti yake zuwa. Su zuƙe masa ruwa daga ƙirji." Lena ta faɗe shi kamar mai karanta jerin cefane. "Zuciyarsa ce ta gaji. Wata huɗu ke nan bai kwanta a miƙe ba, da ya kwanta sai numfashi ya ɗauke. A kujera yake barci. Ya hana ni raka shi, ya hana ni faɗa wa kowa, wai ba ya son layin nan su cika masa gida da romo da fuskar jana'iza. Teku yake son gani sau ɗaya. Ya ce a bencinku zai iya jingina, ni kuma in zauna a ɗaya bencin yana ganina. Shi a zatonsa ban san yana yawon gwada motoci ba, wai zai ba ni mamaki."

Marita ta ji kunya irin wadda ba ta taɓa ji ba, har kunnuwanta suka yi zafi. Ta tashi ta fita cikin ruwan, ta yaye buhun, Lena na tsaye a bayanta tana kallon batirin.

"Ke dai Allah ya shirye ki," in ji Lena. Ko tsawa ba ta yi ba, kuma da ta yi da ya fi sauƙi.

Fanie ya mayar da batirin a ranar, ya murɗa makulli, injin ya yi gurnani ya mutu. Ƙaryar ta zama gaskiya. Motar ta shekara biyu a tsaye, famfon mai ya ci tsatsa, kuma irinsa sai an aiko daga Cape Town.

"Kwana tara, Gwaggo, in an yi sa'a," in ji Fanie. "Da kin kira ni tun farkon wata ai da yanzu kun je kun dawo."

Kwana sha ɗaya aka yi. Ranar da motar ta tashi, likita ya riga ya ce ko zuwa Worcester kada a ƙara ɗaukar Barend.

Marita ta tuƙa kombin da kanta, tafiyar taku ashirin, ta tsaya a ƙofar gidansu. Abrahams da Fanie suka ɗauko shi a kan kujera, suka zaunar da shi a bencin hagu, Lena ta cusa masa matashi uku a baya ta rufe shi da bargo, sannan ta zauna a bencin dama. Teburin na tsakaninsu, ta ɗora hannunta a kai ya kama. Mazan suka koma baranda.

"Barend," in ji Marita, "batirin ni na…"

"Na gan ki kina jan sa. Tagarmu ma tana gani." Ya tsaya neman numfashi. "Me kika zata, mace ce? A wannan halin? Kin girmama ni, maƙwabciya. Hau gaba ki tayar mana."

Ta hau kujerar direba ta tayar. Motar ta shiga rawar da take yi a tsaye, kofuna na kaɗawa a cikin kabad, ruwa na bugun rufi.

"Mun kai ina?" ya tambaya, idonsa a rufe.

Marita ta kalli bangon gidan da ke gabanta. Ta riƙe sitiyari da hannu biyu.

"Mun fito daga cikin duwatsu. Ga Gouda nan a hagu."

"Kada ki tsaya shan mai, tsada gare su."

Bayan ɗan lokaci ta ce sun wuce Porterville, alkama ta yi kore shar a gonaki. Ya ce a hankali dai, akwai 'yan sanda a kwanar nan. Da ta ce Piketberg, ya ɗan yi wani sauti wanda ba ta gane ba. Ta ci gaba, ta faɗi gonakin dankali, ta faɗi tafkin da tsuntsaye ke sauka, ta ce saura kaɗan, har an fara jin warin gishiri.

"Marita," in ji Lena. "Ya isa."

Marita ta ɗaga ido ta dubi madubi. Lena ta miƙa ɗaya hannun ta kan teburin tana gyara masa bakin bargo a wuya. Numfashinsu su biyu, ita da Lena, ya sa gilashin ya yi hazo, har ba a ganin bangon gidan. Marita ta kai hannu kan makullin, ta bar shi a wurin, injin na ta aiki.