Kasuwar Mutum Ɗaya a Askerby

"Ba inda za ni," na ce.

Mista Pickersgill, jami'in hukumar gari, ya sauke takardar da ya zo da ita. "Haba Heather. Kowa ya koma sabon fili bayan babban kanti. Ke da kika yi jami'a, ke ce za ki kafe a kan teburin cuku?"

"A jami'ar na koyi karatu, yallaɓai. Kai ka taɓa karanta takardar kasuwar nan?"

Bai taɓa ba. Ni na karanta ta a coci, cikin akwatin gilashin da take ajiye, da rubutunta na shekara ɗari bakwai. Ta ce dandalin garinmu Askerby na 'yan kasuwa ne muddin ana kaɗa ƙararrawa kowace Alhamis, a kuma yi ciniki ko ɗaya ne a gindin ginshiƙin dutse. In Alhamis ɗaya ta wuce ba ciniki, fili ya koma hannun hukuma. Su kuwa 'yan hukumar so suke su mai da shi wurin ajiye motoci. Shi ya sa suka yaudari kowa da rumfa mai rufi.

Aka bar ni ni kaɗai da cukun gonar mahaifina. Ƙarfe takwas in ja igiyar ƙararrawa, in dawo in tsaya. Mutane su ɓullo ta gefen tsohuwar masaƙar ulu, su kau da kai su wuce, don ba mai son faɗa da hukuma. Sai Iya Mavis kaɗai ke zuwa ta saya, tsohuwar da ta haura tamanin.

"Yanko mini kaɗan, 'yar nan. Cukun nan naku ko ɓera sai ya yi shawara."

"To me ke kawo ki, Iya?"

"A nan na haɗu da mijina. Shi ma ba wani daɗi gare shi ba, sabo ne."

A watan Janairu dusar ƙanƙara ta rufe gari, Iya ta zame ta karye. Alhamis ɗin nan har ƙarfe uku ko kare bai leƙo ba. Ƙarfe huɗu kasuwa ke tashi, ga Mista Pickersgill a ƙofar ofis yana duba agogo.

Sai ga Denholm mahauci, yana tafe yana mita.

"Tsohuwar nan ta bugo mini waya daga gadon asibiti. Wai in ban zo ba, kada ta gan ni a jana'izarta! Yanko, yarinya, kafin in daskare."

Bayansa mai burodi. Bayan mai burodi mata uku, kowacce ta dunƙule cikin kwat. Na ja ƙararrawa har kafaɗata ta yi tsami, ko da yake ba lokacinta ba ne.

Mako na gaba teburanmu huɗu. Kafin watan Mayu dandali ya cika har da masu tumaki, hukuma ta naɗe shirinta.

Alhamis ashirin da biyu na yi ni kaɗai a wurin nan. Aikin koyarwa da aka kira ni a birnin Leeds, da ban je ba, wata aka ba. Yatsuna biyu na hannun dama kuwa, da sanyin dandalin ya kashe, har yau ba sa jin zafi, ba sa jin sanyi.