Irin Gyaɗar Malam Talha

Har gobe idan aka ambaci sunan Malam Talha a gabana sai na tofar da yawu. Mai sayar da gyaɗa ne a kasuwar Azare, mai taushin murya, kullum da carbi a hannu. Shi ya kashe mana damina guda, shekara uku bayan dawowar sojoji daga yaƙin Bama, zamanin Turawa.

A shekarar gara ta shiga rumbunmu, a ƙauyenmu da ke hanyar Yana, ta cinye irin gyaɗar da muka ajiye. Mijina Bubayero ya kora jaki zuwa Azare sayen iri. Shi ba baƙon noma ba ne: ya duba ƙwayar, ya murza, ya tauna ɗaya. Gyaɗa tubarkalla, jajir, manya-manya. Sau biyu yana tambaya ko ta shuka ce.

Malam Talha ya ce, "Wannan ko a kan dutse ka jefa ta, sai ta fito."

Ruwan shuka ya sauka muka shuke ta tas, shi yana sara da sungumi, ni ina bi ina jefawa ina takewa. Kwana bakwai shiru. Kwana goma gonakin maƙwabta suka yi kore, tamu tana nan fayau. Ya tona rami ɗaya, sai ga ƙwayar ta yi baƙi tana wari. Ya tona goma, duk haka.

Muka koma Azare tare, don na ce sai na ga fuskar mutumin nan. A bakin kasuwa muka haɗu da Ya Fanna, wata tsohuwa Babarbariya mai suyar ƙuliƙuli. Da ta ji abin da ya kawo mu, ta ja mu gefe ta ce, "Ɗana, wannan gyaɗar ruwa ne ya jiƙa ta a ɗakin ajiyar Malam Talha. A kan idona aka baza ta a kwanon rufi aka hura wuta a ƙasa. Ta matsar mai ce, wuta ta riga ta kashe ta. Ni ma na saya, amma ni na san abin da na saya."

A lokacin saura kamar mako biyu lokacin shukar gyaɗa ya wuce, mu kuwa ba mu da halin sayen wani iri. Abin da Maigida yake nema ke nan, a ba shi iri mai rai kafin ruwa ya yi nisa. Ya kai ƙara gaban alƙali, ni ina zaune daga bakin zaure ina ji.

Alƙali ya ce, "Idan kaya yana da aibi, mayar wa mai shi ake yi. Ina kayan?"

"Allah gafarta Malam, iri ne. Yana cikin ƙasa."

"To, ka kawo shi."

Wallahi haka aka ce masa. Muka koma gida, kwana biyu muna durƙushe muna tonon gonarmu da yatsu, rami-rami, har muka cika ƙwarya da ruɓaɓɓiyar gyaɗa. Muka sake yin tattaki.

Malam Talha ya leƙa ƙwaryar, ya toshe hanci da hannun riga. "Allah gafarta Malam, ni busasshiyar gyaɗa na sayar masa, ya gani, ya tauna, ya ce ya saya. Wannan taɓo ne. Wa ya sani ko ya binne ta da zurfi?"

Mutumin da ya shekara talatin yana noma ake ce wa bai iya binne gyaɗa ba. Aka kira Ya Fanna ta faɗi abin da ta gani, aka ce shaidar mace ɗaya ba ta isa ba. Mazan da suka hura masa wutar kuwa ma'aikatansa ne, kowa ya ce bai gani ba. Aka ba Malam Talha rantsuwa ya rantse cewa gyaɗa ya sayar, kuma gyaɗa ce. Shari'a ta ƙare.

Abin da yake ci mini rai har yau shi ne, a garin nan akwai malamin duba gyaɗa. Idan manomi ya kai buhu kantin Turawa, sai an caka masa ƙarfe an duba, tsakuwa uku ta isa a koro shi da zagi. Wadda za a kai ƙasar Turawa tana da mai gadi. Wadda talaka zai saya ya shuka ba ta da kowa.

Maigida ya tashi daga gaban alƙali. Ya ɗauki ƙwaryarsa ya miƙe cikin kasuwa, ni ina binsa ina kiransa. Ya isa rumfar Malam Talha, inda wani manomi yake tsugune yana auna irin nan dai, ya juye ruɓar duka a kan tulin gyaɗar.

Ya ce, "Ga kayanka, na mayar."

Kafin ya juya 'yan doka biyu sun riƙe shi. Ashe akwai doka, kuma tana da sauri. Wannan karon ba a nemi shaida biyu ba, ba a ce a kawo kaya ba. Kafin la'asar an yanke masa kwana ashirin da ɗaya a gidan yari saboda ɓarnata kayan ɗan kasuwa.

Na koro jaki ni kaɗai. Ban kai rabin hanya ba hadari ya haɗu, aka saki ruwa mai kyau, irin wanda manomi yake roƙo. Na tsaya a bakin gonarmu a jiƙe, ina kallon ramukan da muka tona suna cika da ruwa.