Murar Farfesa a Kogon Jemagu

Shekara uku ina bin jemagun kogon da ke bayan tsohuwar ma'aikatar fasa dutse. Sama da ɗari huɗu na sa wa zobe a fiffike da hannuna. Digirina a kansu ya rataya, tambayata kuwa ɗaya ce: shin jemage zai iya ɗaukar mura daga mutum? Farfesan da ke duba aikina ya ce tambayar banza ce. A iliminsa, cuta daga dabba kawai take hawa kan mutum, sai ka ce ƙwayar cuta ta san wane ne babba.

Bai taɓa taka kogon ba sai ranar da jami'a ta turo mai ɗaukar hoto. Ya iso yana jan majina, idanu jajur.

A aikinmu, in za a gane ko jemagiya tana shayarwa, sai an hura gashin ƙirjinta nono ya bayyana. Da 'yar robar hura iska muke yi, fuska cikin takunkumi. Na miƙa masa robar.

"Yarinya, shekara talatin da bakina nake hurawa," in ji shi. Ya zare takunkumin don hoto ya fito da kyau.

"Ranka ya daɗe, kana mura fa."

"Wai jemage za ki kare daga ni? Ikon Allah!"

Jemagu goma sha biyu ya hura wa, da tari da komai, muka mayar da su cikin 'yan uwansu.

Bayan kwana shida na koma na ɗauko samfuri daga bakunansu. Sakamako ya nuna ƙwayar mura irin ta mutane a guda biyar, uku a cikin waɗanda ya hura wa. Ko sun kamu da gaske, ko yawunsa ne ya maƙale suna lasa, sai an ƙara gwaji. Farfesa bai jira ba. Kafin in rufe kwamfuta ya kira hukumar lafiya: ya gano jemagu masu ɗauke da cutar da za ta addabi jama'a. Hukuma ta ce za ta toshe kogon.

Hankalina ya tashi. Na tsinci takardar goge hanci a kwandon sharar ofishinsa, na gwada. Ƙwayar iri ɗaya ce sak. Na kai masa takardun sakamakon biyu, na jera a kan tebur.

Ya daɗe yana dubawa ta saman tabarau. Na ɗauka kunya ce ta kama shi, ashe ban san mutumin ba.

"Kin gani ko?" ya ce, har da murmushi. "Har ni sun harba."

"Da murarka ka shiga kogon, Farfesa. A gabana."

"Wa ya rubuta haka?"

Babu wanda ya rubuta. Takardunmu suna da layin nauyin jemage, da tsawon fiffike, da jinsi. Ba su da layin lafiyar malami.

Na kai ƙorafi hukumar, suka ce in bi ta hannun mai duba aikina.

Ranar Laraba da hantsi na isa kogon, na tarar magina sun kai jerin bulo na ƙarshe. Lokacin shayarwa ne, duk iyayen suna ciki. Babban maginin ya gan ni na kafa kunne a jikin ɗanyen siminti.

"Baiwar Allah, ki ja baya," ya ce, "kada su sa miki ciwo."

Ta bayan bulon ina jin kukan 'ya'yan, siriri, ba ya tsayawa.