Jajayen Huluna a Kan Danga

Takawa baduku ne a Matamaye, kuma da ya tsaya ga fatarsa da babu abin da zai same shi. Amma mutum gemu ya fara furfura, wai shi wasan yaƙi. Ya sassaƙa hatimi a ɓarin ƙwarya, irin wanda yake buga ado da shi a jikin jaka, sai dai wannan siffar mutum ce riƙe da mashi. Ya tsoma a tawada, ya buga a takarda, ya yanke, ya soke kowanne da tsinke. Bayan la'asar sai su kakkafa su a yashin rumfarsa, shi da amininsa Munkaila maƙeri, su sake yaƙin da aka yi da Kanawa suna samari. A watsa wuri irin na caca, wanda nasa ya kife ya tsige mutum ɗaya daga rundunarsa. Musu suke yi kamar za su dambace.

Abin da ke ɓata musu wasan shi ne rundunonin biyu kamarsu ɗaya. Ana nan sai wani falke da ya fito Tarabulus ya bar wa Takawa takardar da aka naɗo sukari a ciki. Jikinta 'yan bindiga ne sahu-sahu, bugun Nasara, kowa da jar hula. Takawa ya yi murna kamar an ba shi doki. Ya sassaƙa sabon hatimi, ya buga su tuli, ya ɗiga wa kowanne hula da karan dafi, jan rinin da yake rina fata da shi.

Matarsa Baiwa ta leƙo ta gani, ta ce, "Maigida, baƙin nan naka ba su kwanta mini ba. Wa ya san inda danginsu suke?"

Ya yi mata dariya.

Damina na kawo kai sai mutane suka fara shigowa daga yamma, ƙafa duk a fashe, ba akuya ba tabarma. Bakinsu ɗaya: wasu masu jar hula ne Nasara ya jawo, suna ƙone gari, suna ɗaure maza su yi musu dako. Wata tsohuwa a cikinsu ta zauna a rumfar Takawa ta sha ruwa. Idonta na sauka kan yashin, ƙwaryar ta suɓuce mata. Ta miƙe tana salati, ba ta ko waiwayo ba.

Kafin magariba zancen ya gama gari. A nan ba wanda ya taɓa ganin tawada a takarda don wasa. In ba laya ba ce, to asiri ne. Aka ce Takawa ne ya kira masu jar hular da asiri. Masu kawo masa gyaran linzami suka ɗauke ƙafa. Mai gari ya aiko masa: ko ya raba garin da abin nan, ko ya bar garin da aka binne cibiyarsa. Munkaila kaɗai ke tsayawa a kasuwa yana rantsuwa cewa wasa ne, da hannunsa yake watsa wurin.

Tsoro ya kama Takawa sosai. Ya tafi wurin liman, Malam Idrisa.

Malam ya ce, "Kada ka ƙona su. Wuta ce sana'arsu, kada ka nuna musu hanya. Ka wanke su kamar allo a gaban jama'a, a zubar da ruwan bayan gari."

Haka aka yi. Ya jera takardun a akushi ya zuba ruwa. Tawada ta narke, bindigogi da ƙafafu da fuskoki suka bi ruwa. Karan dafi kuwa ko gezau. Shi da ya shekara yana cika baki cewa jansa ba ya zuba! Aka tsamo takardu farare fat, ba kai ba gangar jiki, sai huluna jajaye. 

Munkaila ya raɗa masa, "Abokina, binne su yanzun nan."

Ya ce to. Amma baduku ko guntun fata ba ya yarwa, balle takardar da ta ƙetare hamada a bayan raƙumi. Ya ce a ransa bari su bushe ya tura su a rinin baba, su yi baƙi, ya huta. Ya sossoke su a kan dangar gidansa.

Ba su gama bushewa ba aka ji ƙaho daga hanyar Kance.

'Yan bindiga suka shigo a jere, hulunan nan kamar garwashi, wani Bature a kan doki yana gaba. Suka bi gida-gida suna fito da maza, suna zura musu igiya a wuya. A ƙofar Takawa Baturen ya ja doki, ya dubi danga. Tafinta ya daka tsawa, "Kai! Mene ne wannan?"

Takawa ya shiga rumfa. Ya ɗauko hatimin ya nuna. Baturen ya yi nuni a buga. A gaban duk Matamaye, Takawa ya tsoma a tawada, ya danna a ƙarƙashin wata hula, sai ga ɗan bindiga ya dawo cif.

Baturen ya ƙyalƙyale da dariya har yana dukan cinya. Tafinta ya juya ga jama'a ya ce, "Wannan gidan masoyinmu ne. Ba a taɓa kowa a ciki."

Aka ciro jar hula ta gaske aka kifa wa Takawa a ka.

Yana tsaye da ita, ba halin cirewa, aka wuce da 'yan dako. Munkaila na cikinsu, igiya a wuya, akwatin harsashi a ka. Takawa ya kira sunansa. Munkaila ya dubi hular, bai dubi fuskar ba, ya wuce.

Da ƙarar ƙahon ta ɓace, maƙwabta suka fito suka tsaya a bakin danga. Matar Munkaila ce a gaba. Takawa ya cire hular ya shiga gida, ya tarar Baiwa har ta fara ɗaure tukwane don ƙaura.