Akuyar Talatar Inna Lami

Ranar Talata ce a farkon Maris, zafi ya fara tun da hantsi, ko ganye ba ya motsi a ƙauyenmu da ke bayan Madachi. Inna Lami ta aiko in zo da wuƙa.

Ita Kirista ce, katanga ɗaya ta raba gidanmu da nata. Kowace shekara, ana gobe za su shiga azuminsu na kwana arba'in, takan yanka akuya ta raba wa unguwa. Ta ce a wajen uwarta ta gada. A da babu firji, kuma daga Larabar da ake shafa musu toka a goshi ba ta sake taɓa nama, don haka duk wani maiƙo na gida a ranar Talata ake ƙarar da shi. Musulmi take kira ya yanka, don kowa ya ci. Babana ya yi mata yankan shekara ashirin, da ya rasu wuƙar ta dawo hannuna.

Ni na bar makaranta a aji biyu, na yi acaɓa, na yi faci, babu inda na zauna. Wannan yankan kaɗai nake yi a kira ni Malam Jabiru.

Ɗayyabu mai tsire, abokina tun muna yara, shi ya riƙe min ƙafafun akuyar. Na fuskanci alƙibla, na yi bisimilla da ƙarfi.

"Kai, ɗan iska ya zama liman!" in ji shi, muka yi dariya.

Muka kasa naman gida goma sha huɗu. Kafin azahar kwanuka suka fara dawowa a rufe, har na gidan Hajiya Zubaida da ba ta taɓa mayarwa ba. Na tare ta a ƙofa.

"Hajiya, lafiya?"

"An ce ba ka ambaci sunan Allah ba, Jabiru. Wanda ya riƙe maka akuyar ne ya faɗa."

Na koma da gudu, na tarar da Inna zaune gaban kwanuka babu komai ciki. Ɗayyabu ya riga ni zuwa. Ya ce mata tunda ba mai ci, ita kuma gobe azumi, bari ya taimaka ya kwashe naman ya binne.

Da la'asar na hau babur zuwa Rano. Ga Ɗayyabu a bakin tasha yana barbaɗa wa tsire yaji, mutane sun yi layi.

"Mushen ne kake sayar wa Musulmi?" na ce.

Bai ko ɗago ba. "Ni da kai mun san ka yi bisimilla. Tsinke nawa za a ba ka?"

Washegari na gamu da Inna da toka a goshi. Ta ce baɗi ba za ta wahalar da kowa ba, kaza za ta yanka da kanta.

Asarar ke nan: akuya ɗaya, gida goma sha huɗu, aboki ɗaya, da wuƙar babana da ba a sake aiko a ce in zo da ita ba.