Hausar Dada

"A sake, Hajiya, don Allah," in ji Hamna, karo na biyar ke nan tun safe.

Hajiya Zulai ta gyara zama a kan kujera 'yar tsugune a ƙofar ɗakin ƙasa, ta ɗaga takardar, ta yi gyaran murya. Tsohuwar malamar makaranta ce daga unguwar Turaki, kakanninta daga Kano suka zo, kuma ta yi shekaru tana wasan kwaikwayo a rediyo. In ta buɗe baki Hausa ce ke zuba tas, ba tsakuwa ko ɗaya.

"Ke Ummi, taho ki ci tuwo, 'yar nan, kada ya huce."

Ba abin da za a ce bai yi ba. Amma Hamna ta tsaya da biro a baki, zuciyarta ko gezau.

Gwaji suke yi, gobe ne ɗauka. Fim ne na minti goma sha biyu, aikin kammala karatunta a jami'a, kuma ta rubuta shi ne a kan kakarta Dada, wadda ta rene ta a wannan gida na unguwar Yelwa. Hajiya ce za ta fito a Dada, Ummi kuma sunan jikar ne a fim ɗin. Shekara uku da rasuwar Dada. Ba ta bar murya a waya ba, ba ta bar bidiyo ba, sai hoto ɗaya na katin zaɓe, shi ma ta rufe ido. Jibi magina za su zo su rushe ɗakin, Bappa Yuguda, ɗan'uwan mahaifinta, zai yi shaguna a wurin. Da ƙyar ya ɗaga mata ƙafa kwana biyu. Kyamarar kuwa aro ce daga sashensu, gobe da yamma za a mayar. In Dada ba ta shiga fim ɗin nan gobe ba, ba ta da sauran inda za ta shiga.

Rejoice, mai riƙe kyamara, ta ɗago kai. Katanga ɗaya ce tsakanin gidansu da wannan, tare suka yi wasan ƙasa da Hamna, kuma ita ba ta iya ɓoye magana a ciki ba.

"Wannan fa ba Dada ba ne," ta ce. "Dada bai taɓa magana haka ba."

"Rejoice, ki yi aikinki."

"Aikina nake yi. Kai ma ka sani."

Hamna ta sani mana! Dada Bafulatana ce, daga wajen Sunkani aka kawo ta aure, a kasuwa ta tsinci Hausa tana tallar nono. A bakinta kowa namiji ne. Mace kai, saniya shi, amarya ya zo. Rabin Jalingo haka suke magana, ba wanda ya taɓa rasa abin da ake nufi. Sai dai malamin da ke duba aikin Hamna ya ja mata kunne cewa fim ɗin zai je gaban baƙi daga wasu jami'o'i, ta tsabtace harshensa. Ita ma, in gaskiya za a faɗa, ba ta buƙaci jan kunnen ba. Tun kafin ya yi magana ta riga ta wanke Dada fes, ta cika mata baki da karin magana.

"Au, irin Hausar nan kuke so?" in ji Hajiya Zulai tana dariya. "Ai da kun faɗa tun ɗazu. Mun sha yin ta a rediyo."

Ta karkace baki, ta ja murya ta hanci. "Kai Ummi, jo ka ci tuwo, yaro na!"

Ɗaliban biyu da ke riƙe da igiyoyin fitila suka fashe da dariya, ɗaya har da buga ƙafa. Hajiya ta ƙara wani, suka ƙara ƙyaƙyacewa. Ba mugunta ta nufa ba, baiwar Allah, abin da ta saba ne. Amma Hamna ta ji kamar an watsa mata ruwan zafi a fuska, don ta san dariyar nan. Ita ta fara yin ta.

Tana aji ɗaya a sakandare ne. An tashi makaranta, ta taho da ƙawayenta biyu 'yan Turaki, Dada tana zaune a nan daidai inda Hajiya take, ƙwarya a gabanta. Ta hango jikarta ta washe baki: "Kai Hamna, ka dawo? Zo ka sha fura." Ƙawayen suka ƙunshe dariya. Hamna ta tsaya tsakar gida ta ce da ƙarfi, "Dada, ni ba namiji ba ce! In ba ki iya Hausa ba ki bari mana." Sannan ta kwaikwayi muryarta, don ƙawayen su san ita ba ruwanta.

Dada ta rufe ƙwaryar da faifai. Daga ranar ba ta ƙara yi wa Hamna Hausa ba, sai Fulatanci, Hamna kuwa Fulatancinta bai wuce gaisuwa da "zo" da "tafi" ba. Tatsuniyoyin da ake yi mata a kan tabarma suka ƙare, hirar kasuwa ta ƙare. Shekara takwas suna kwana ɗaki ɗaya, magana sai ta dole. Kullum Hamna tana cewa gobe za ta ba ta haƙuri, har goben ta ƙare.

"Mu tsaya haka," in ji Hamna. "Hajiya, na gode. Zan kira ki."

Da kowa ya watse ta zauna a dokin ƙofa ta juya bayan takardun, ta fara sake rubutawa yadda Dada take magana. Abin mamaki, ya ƙi. Ta mayar da kowane "ke" ya zama "kai", ta karanta, sai ta ji muryar Hajiya ta hanci. Ina Dada take saka "fa"? Me take cewa in ta ji haushi? Yaya take kiran kaji? Ta yi shekaru tana toshe kunne daga wannan Hausa, yau tana nema ta rasa. Hawaye ya ɗiga a kan takardar, tawadar ta baje.

Rejoice tana naɗe igiya, ba ta kalle ta ba ta ce, "Tashi mu je wurin kakana. Shekara arba'in suna zama tare da Dada a kasuwa. In shi bai sani ba, ba wanda ya sani."

Suka hau keke Napep zuwa babbar kasuwa. Hadari ya haɗo ta bayan duwatsu, masu kaya a ƙasa suna ta jan leda. A layin 'yan doya suka same ta, Maman Tobias kakar Rejoice, 'yar tsohuwa ƙarama 'yar ƙabilar Mumuye, gicciye a wuya, tana karkaɗe ƙasa daga sabuwar doya. Gefenta akwai wani dutse mai faɗi da ba kowa a kai. Nan Dada take ajiye ƙwaryarta.

Ta ƙanƙance ido ta dubi Hamna. "Wa nake gani? Kai! Jikan Dada! Ka yi girma fa, ka manta da mu. Zauna, zauna, ka ci abinci?"

Hamna ta zauna a kan dutsen. Ba muryar Dada ba ce, wannan ta fi kauri. Amma tafiyar maganar ita ce sak, inda take hawa da inda take sauka.

Rejoice ta yi bayanin fim. Hamna ta fara karanta abin da ta gyara. Ba ta kai layi uku ba tsohuwar ta ɗaga hannu.

"A'a. Wannan kuskure ne. Dada ba ya cewa 'kada ya huce'. Yana cewa, 'tuwo zai mutu fa'."

Hamna ta yi dariya cikin kuka. Wallahi haka ne! Tuwo zai mutu. Ta rubuta da sauri, ta karanta na gaba.

"Wannan ma kuskure. Wa ya rubuta maka? Bai san Dada ba."

Haka suka yi ta yi, layi bayan layi, mai doya tana gyara wa 'yar jami'a Hausa, duk inda ya yi daidai ta ce kuskure ne. Wata mai saye ta zo, Maman Tobias ta ce mata ta dawo gobe, yau ana makaranta. Yayyafi ya fara bugun kwanon rumfa. Sai da suka zo fitowa ta ƙarshe, inda yarinyar fim take yi wa kakarta tsawa a gaban ƙawaye, Hamna ta kasa karantawa.

"Mama," ta ce, "ta gaya miki abin da na yi mata? Har ta rasu tana fushi da ni."

Tsohuwar ta ajiye doyar da ke hannunta. "Fushi? Wa ya ce maka?"

"Ba ta ƙara yi min Hausa ba."

"Yana koyo ne mana! Ya zo nan ya ce min, yarona ya yi makaranta, ya ce akwai 'ke'. Sai na iya 'ke' zan yi masa magana, kada na ba shi kunya. Kullum in kasuwa ya yi sanyi muna gwadawa, ni da shi. Ya ce 'ke zo ka zauna', na ce yawwa, ka iya. Wani Bakano mai tabarma ya ji mu ya ce ba haka ba ne. Muka sake. To wa zai koya wa wani? Ni ban iya ba, shi bai iya ba." Ta yi dariya har ta share ido da bakin zani. "Har ya kwanta ciwo yana cewa saura kaɗan."

Hamna ta sunkuyar da kai a kan gwiwa. Ta yi kuka sosai, irin wanda ba ta yi ba ranar jana'iza, Rejoice na dafe da kafaɗarta. Ruwa ya tsuge, ya yi ta zuba, ya ɗauke. Masu kaya suka fara janye leda.

Ta ɗago, ta goge fuska da mayafi. Ta san sai ta je Turaki da ƙafarta ta ba Hajiya Zulai haƙuri, ta kuma san fuskar da malaminta zai yi. Ta tattara takardun ta ninke.

"Mama, gobe da safe za mu zo mu ɗauke ki. Ke za ki zauna a ƙofar ɗakin Dada."

"Ni? A fim?" Tsohuwar ta dafe ƙirji. "Yesu! Yaro, ka nemi wani. Ni ban iya Hausa ba fa."

"Na sani, Mama," in ji Hamna. "Ƙarfe bakwai."