Akuya a Tsohon Rumbu

Wata biyar da yi wa maigidana aikin zuciya, likita ya ce ya riƙa tafiya da ƙafa, har hawa ma ya yi in dai a hankali ne. Ni ban yarda da likitan ba. Tun ranar da aka sallamo shi na hana shi ɗaga ko buta, keken ɗinkinsa kuwa na lulluɓe da zane. Mutumin da ya shekara talatin yana tela, sai ga shi zaune yana kallon bango, ni kuma ina kallonsa.

Shi ya matsa sai mun je ganin tsohon ƙauyen nan na kan dutse, inda mutane suka zauna a cikin kogo a zamanin da. Ƙaninsa ya kai mu a mota har gindin dutsen, ya ce shi gwiwarsa ba ta hawa, ya kwantar da kujera ya ce sai mun sauko.

Matakalar a jikin dutsen aka sassaƙa ta, tsakiyarta duk ta lotsa saboda yawan taku. Muna hawa ina sauraron numfashinsa, duk bayan ɗan taku in ce na gaji mu huta, alhali ba ni na gaji ba. A sama muka tarar da ɗakuna birjik, wani kan wani, ba kowa sai tsuntsaye. Rufinsu ya yi baƙi ƙirin da hayaƙin girkin da aka daina tun kafin kakanninmu. Ga gurbin fitila a bango, ga dutsen niƙa a ƙofar wani ɗaki kamar mai shi za ta dawo. Maigidan ya auna wata ƙofa da hannunsa, ya ce mutanen nan yadi biyu ya ishe su riga da wando.

Na zauna in cire tsakuwa daga takalmina. Ina ɗagowa ban gan shi ba.

Na kira shi, dutse ya maido mini da muryata. Sai na ji nishi daga wani ɗaki na can ciki, irin nishin mai jin jiki. Ban san lokacin da na jefar da takalmin ba. Na sunkuya na shiga, idona bai saba da duhun ba, amma na hango shi kwance rubda ciki, ƙafafunsa a miƙe. Na rarrafa na kama ƙafarsa ina salati.

"Sake ni mana," ya ce, muryarsa ras. "Ba ni ba ne, akuya ce."

Ashe a tsakiyar ɗakin akwai rami mai siffar randa, irin wanda suke zuba hatsi. Wata akuya ce ta faɗa ciki, ta yi kuka har muryarta ta dishe. Ya ce in ba shi mayafina. Na ce wallahi ba zai ja komai ba, a je a kira mutane. Ya tashi zaune, ƙura duk a gemunsa, ya dube ni.

"Maman yara, asibiti sun sallame ni tuntuni. Ke ce ba ki sallame ni ba."

Na miƙa masa mayafin. Ya ƙulla zarge, ya zura shi har sau huɗu kafin ya shiga ƙarƙashin ƙafafunta na gaba. Muka ja tare, shi a gaba ni a baya. Akuyar ta fito tana shure-shure, ta taka mini hannu, ta yi waje abinta ko waiwaye babu.

Kafin ya ce wani abu na ɗora tafina a ƙirjinsa. Zuciyar tana bugawa da ƙarfi, amma daidai, ba gargada. Na daɗe ban ɗauke hannun ba. Dariya ta zo mini tare da hawaye, shi kuma ya bar ni har na gama. Muka fito muka zauna a bakin kogon, ƙafafunmu a rana, muka shanye ruwan gorarmu tas. Shi ya nemo mini takalmina a bayan dutsen niƙa.

A saukowa na bar shi ya yi gaba, har ya riga ni isa. Mun tarar ƙaninsa yana ta minshari. Da muka shiga motar ya farka ya shaƙi iska, ya dube mu ɗaya bayan ɗaya, ya tambaya ko kogo muka je gani ko kiwo, sannan ya sauke gilasai duka huɗu.